Yadda Ake Gano Inda Saƙo Ya Maƙale Tsakanin Rumbun Fedora da Fihirisar Solr

Ƙorafin kusan kullum iri ɗaya ne. An ɗora kundin digiri ko hoton wani tsohon rubutun ajami a rumbun laburare, in aka bi adireshinsa kai tsaye yana buɗuwa lafiya lau, amma in aka rubuta sunansa a akwatin bincike sai a ce babu shi. Wani lokacin kuma an goge abu tun makon jiya, ga shi har yau yana fitowa a sakamakon bincike, in an latsa shi sai shafin ya ce bai san zancen ba. Ko kuma an gyara sunan marubuci, bincike yana nan yana nuna tsohon kuskuren.

Abin da mai kula da sabar ya fi saurin yi a nan shi ne ya rushe fihirisar, wato jerin bayanan da akwatin bincike yake dubawa, ya sake gina ta gaba ɗaya. Komai sai ya dawo daidai, kowa ya yi murna, washegari a ɗora sabon abu matsalar ta dawo. Dalili kuwa, sau da yawa fihirisar lafiyarta ƙalau. Hanyar da labari yake bi ya isa gare ta ce ta yanke. Saboda haka ka ajiye batun sake gini tukuna. Ka ɗauki abu ɗaya tak ka bi sawunsa daga rumbu har fihirisa, ka ga inda sawun ya ɓace.

Tsarin da zan yi bayani a kansa shi ne Fedora Commons ta 3 tare da ActiveMQ da GSearch da Solr, manhajar da take riƙe da fihirisar. Wannan shi ne haɗin da Islandora 7, manhajar da take nuna rumbun a shafin intanet, take zaune a kansa. Wannan Fedorar ba ta Linux ba ce, manhajar rumbu ce da aka faro a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1997. Sigar ƙarshe a layin na 3 ita ce 3.8.1 ta 2015, kuma har yanzu akwai laburaren da ba su ƙaura daga kanta ba. Masu Fedora 6 da masu DSpace, wata manhajar rumbu daban, akwai nasu bayanin a ƙasa, amma dabarar bin sawun ɗaya ce.

Fahimci hanyar tukuna

Duk lokacin da aka shigar da abu, ko aka gyara shi, ko aka goge shi ta API-M, wato hanyar da Fedora ta tanada domin sarrafa abubuwan rumbu, Fedora tana rubuta ɗan gajeren saƙo a tsarin Atom ta miƙa wa ActiveMQ, wanda shi ne dillalin saƙonni. Saƙon ba ya ɗauke da kundin kansa. Abin da ke ciki kawai lambar abin, wato PID, da sunan aikin da aka yi, kamar `ingest` ko `modifyObject` ko `purgeObject`, da lokaci da wanda ya yi. Kamar dai a kira ka daga tasha a ce kayanka sun iso: kiran ba shi ne kayan ba, sai ka taka da ƙafarka ka je ka karɓo. GSearch ne yake amsa kiran. Ya koma wurin Fedora ya nemi cikakken bayanin abin a tsarin FOXML, wato tsarin da Fedora take rubuta bayanin abubuwanta, ya juya shi da wani fayil ɗin ƙa'idojin juyi na XSLT zuwa takardar da Solr zai gane, sannan ya tura wa Solr. Shi kuma Solr ko ya karɓa ba zai nuna ba sai an tabbatar da shigarwar.

Ka ga ke nan wuraren da abu zai iya tsayawa suna da yawa: Fedora ba ta aika ba, dillali bai isar ba, GSearch ba ya saurare, ya ji amma an hana shi karɓowa, ya karɓo amma XSLT ya yar, ko Solr ya ƙi. Kowanne da alamarsa.

Shiri

Kafin komai ka buga `df -h`. Cikar faifai tana tsayar da dillali da Solr duka biyu, kuma abin takaici ne mutum ya kwashe yini yana tonon saiti alhali wuri ne ya ƙare. Sannan ka kwafi duk fayil ɗin saitin da za ka taɓa ka ajiye gefe.

Ka ƙirƙiri abin gwaji guda ɗaya mai sauƙi, misali `gwaji:1`, mai take da ba wanda zai yi kama da shi. Kada ka yi gwaji da kundin wani. Ka buɗe tagogin umarni uku, kowacce da `tail -f`: ɗaya a kan `fedora.log` da ke cikin `$FEDORA_HOME/server/logs` (`$FEDORA_HOME` ita ce foldar da aka girka Fedora), ɗaya a kan log ɗin GSearch, wanda `log4j.xml` nasa zai gaya maka inda yake rubuta shi, ɗaya a kan `catalina.out` na Tomcat, manhajar da Fedora take gudana a cikinta. In Solr yana zaman kansa ne a ƙofa ta 8983, ka ƙara taga ta huɗu domin shi. In manhajojin suna kan injina daban-daban, ka tabbatar agogonsu sun yi daidai, in ba haka ba ba za ka iya jera abin da ya riga wani faruwa ba.

Mataki na farko: tambayi Solr kai tsaye

Kada ka yarda da akwatin binciken shafin. Ka tsallake shi:

`curl 'http://localhost:8080/solr/collection1/select?q=PID:%22gwaji:1%22&wt=json'`

Ka sauya ƙofar da sunan fihirisar su dace da naka. Alamar zance da aka kewaye PID ɗin da ita, wato `%22`, dole ce, saboda ɗigo biyun da ke tsakiyarsa suna da wata ma'ana a wurin Solr.

In `numFound`, wato yawan abin da Solr ya samu, ya nuna 1 kuma bayanan sababbi ne, to saƙo ya isa, babu ruwan Fedora da dillali. Matsalar tana gaba: ko Drupal, wanda aka gina Islandora a kansa, yana nuna tsohon shafin da ya adana, ko saitin binciken Islandora an taƙaita shi ga wasu farkon PID ne kawai, naka ba ya ciki. Akwai kuma wata da ta shafe mu musamman. Wanda ya ɗora kundi ya rubuta "ƙasa" da ƙ mai lanƙwasa, ɗalibi ya nema da "kasa", Solr ya ce babu, kuma a wurinsa gaskiya ya faɗa, haruffa biyu ne daban. Maganin shi ne a saka `ASCIIFoldingFilterFactory` a nau'in filin da ake bincike, a ɓangaren shigarwa da na tambaya duka. Yana mayar da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ zuwa k, d, b da y. Wannan canjin kam sai an sake gina fihirisa kafin ya shafi tsofaffin abubuwa. In kuma haruffan suna zuwa a dagule ne, ka duba ko an saka `URIEncoding="UTF-8"` a `server.xml`, domin Tomcat 7 ba ya ɗaukar UTF-8 da kansa a adireshi.

In `numFound` sifili ne, ko bayanan tsofaffi ne, ka yi wannan kafin ka wuce:

`curl 'http://localhost:8080/solr/collection1/update?commit=true'`

Ka sake tambaya. In abin ya bayyana yanzu, dama yana hannun Solr, tabbatarwa ce ba a yi ba. Ka buɗe `solrconfig.xml`. Sau da yawa za ka tarar `autoCommit` yana aiki amma da `openSearcher` a `false`, kuma `autoSoftCommit` a kashe. Ma'anarsa Solr yana rubutawa a faifai amma ba ya nuna wa masu bincike. Ka kunna `autoSoftCommit` da tazarar da ta dace. Ga rumbun laburare rabin minti ko minti ɗaya ya isa, ba wanda zai rasa komai.

Mataki na biyu: raba hanyar gida biyu

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne rage wahala. GSearch yana da hanyar da za ka umarce shi da hannu ya shigar da abu ba tare da jiran saƙo ba:

`curl -u fgsAdmin 'http://localhost:8080/fedoragsearch/rest?operation=updateIndex&action=fromPid&value=gwaji:1'`

Ka sake tambayar Solr. In abin ya shiga, rabin hanyar na biyu lafiya yake: GSearch yana iya karɓowa, XSLT yana aiki, Solr yana amsa. Laifin yana tsakanin Fedora da dillali da kunnen GSearch, ka je mataki na uku. In bai shiga ba, ka manta da ActiveMQ a yanzu, ka tsallaka mataki na shida. Zai yiwu duka ɓangarorin biyu suna da matsala, amma sai ka gyara na biyun kafin ka iya ganin ta farko.

Mataki na uku: Fedora tana aikawa kuwa?

Ka buɗe `$FEDORA_HOME/server/config/fedora.fcfg` ka nemi sashen `org.fcrepo.server.messaging.Messaging`. Abu na farko `enabled` ya zama `true`. Lokacin girka Fedora akwai tambaya a kan saƙonni, kuma wanda ya yi ta latsa gaba cikin sauri yakan bar shi a kashe. Na biyu `java.naming.provider.url`. In dillalin yana cikin Fedora ne, za ka ga `vm:(broker:(tcp://localhost:61616))`, wato Fedora ta tayar da dillali a cikinta ta buɗe masa ƙofa ta 61616. In yana zaman kansa, adireshin `tcp://` kawai za ka gani. Ka gangara ƙasa ka nemi `apimUpdateMessages`, ka rubuta a takarda abin da ke `name` da `type`. A asali `fedora.apim.update` ne da `topic`. Za ka buƙace su nan gaba kaɗan.

Duk gyaran da ka yi a wannan fayil sai ka sake kunna Tomcat. Bayan ya tashi:

`ss -ltnp | grep 61616`

In babu komai, dillali bai tashi ba. Ka koma farkon `fedora.log` da `catalina.out` na wannan tashin. `Address already in use` yana nufin wani ya riga shi kama ƙofar, ko tsohon Tomcat da bai mutu da kyau ba, ko wani ActiveMQ da aka girka aka manta.

In ƙofar a buɗe take, ka ɗaga log ɗin `org.fcrepo.server.messaging` zuwa `DEBUG` a `logback.xml`, ka canza taken abin gwajinka, ka zuba ido. In ba abin da ya motsa, ka tambayi kanka ta wace hanya ake yin canjin. Wanda ya gyara fayil ɗin FOXML a faifai da hannunsa bai bi ta API-M ba, don haka babu saƙon da zai fita, kuma ba lalacewa ba ce. Ka tuna ka mayar da log ɗin yadda yake in ka gama.

Mataki na huɗu: GSearch yana saurare, kuma a wurin da ya dace?

Saitin da yake aiki yana cikin `webapps/fedoragsearch/WEB-INF/classes/fgsconfigFinal`. A nan mutane suke yawan faɗawa rami. Wannan foldar ba da hannu aka rubuta ta ba, umarnin `ant` ne yake samar da ita daga fayilolin da ke `FgsConfig`. Wanda ya gyara na `FgsConfig` bai gudanar da `ant` ba bai canza komai ba. Wanda kuma ya gyara `fgsconfigFinal` kai tsaye, ranar da wani ya gudanar da `ant` gyaransa ya tafi. Ka zaɓi hanya ɗaya, ka rubuta ta inda wanda zai gaje ka zai gani.

A `fedoragsearch.properties` ka duba layin `fedoragsearch.updaterNames`. In an toshe shi da alamar `#`, ko babu komai a gabansa, GSearch ba zai ma tayar da mai sauraro ba. Sunan da ke wurin, yawanci `FgsUpdaters`, dole ya zama sunan folda a ƙarƙashin `updater`. Ka shiga ka buɗe `updater.properties`.

`java.naming.provider.url` a nan ya zama `tcp://localhost:61616`, ko adireshin injin da dillali yake. Kada ka kwafo mai `vm:` daga saitin Fedora. Wannan adireshin umarni ne na tayar da dillali in ba a samu ɗaya ba, sai ka wayi gari da dillalai biyu suna rigima a kan ƙofa ɗaya, ko Fedora tana magana da ɗaya GSearch yana sauraron ɗayan. Layin `topic.fedoraAPIM` kuma ya yi daidai harafi da harafi da sunan da ka rubuta a takarda. In Fedora tana aikawa a `queue` shi kuma yana jira a `topic`, ko da sunan ɗaya ne ba za su haɗu ba har abada, kuma ba wanda zai yi kuka a log. Wannan shirun ne yake sa kuskuren wuyar kamawa.

Bambancin biyun ya cancanci a tsaya a kansa. `topic` shela ce: duk wanda yake nan ya ji, wanda ba ya nan ta wuce shi, sai dai in ya yi rajista mai ɗorewa da suna, dillali ya riƙa ajiye masa. `queue` layi ne: saƙo yana jira har wani ya zo, kuma mutum ɗaya ne yake ɗauka. Sunan rajistar GSearch shi ne `client.id`, misali `fedoragsearch0`. Dillali ba ya yarda biyu su shigo da suna ɗaya a lokaci guda. In aka kwafi sabar aiki aka yi ta gwaji da ita ba a canza wannan layin ba, kuma duka suna nufar dillali ɗaya, wanda ya riga shiga shi ne da wuri, na biyun ya sha `InvalidClientIDException`. Mafi muni, in na gwajin ne ya riga, shi zai riƙa kwashe saƙonnin yana zuba su a fihirisar gwaji.

In GSearch yana wani inji daban, `localhost` a saitin Fedora yana nufin ƙofar ba ta buɗe wa na waje. Ka gwada daga injin GSearch da `nc -vz` da adireshin da lambar ƙofar. In za ka buɗe ta, ka buɗe wa injin nan kaɗai ta katangar tsaro. A Oktoba 2023 an bayyana wata ɓaraka a ActiveMQ mai lamba CVE-2023-46604, wadda take bai wa duk wanda ya iya kaiwa ga ƙofar 61616 damar gudanar da umarni a sabar, kuma masu kutse sun yi amfani da ita sosai. Tsohon ActiveMQ da ke ƙunshe cikin Fedora 3 bai kamata intanet ya ga wannan ƙofar ba ko na minti ɗaya.

Mataki na biyar: leƙa cikin dillali

In ActiveMQ yana zaman kansa, yana da shafin kulawa a ƙofa ta 8161. Wanda ke cikin Fedora ba shi da shi, sai ka leƙa da `jconsole` ta JMX, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar fitar da dillali waje ga duk rumbun da ake aiki da shi da gaske.

Lambobi uku za ka kalla a gaban `fedora.apim.update`: yawan masu sauraro, yawan saƙon da ya shigo, da yawan da yake jira a wurin mai rajista. Ka taɓa abin gwajinka ka sabunta shafin. In na shigowa bai ƙaru ba, ka koma wurin Fedora. In ya ƙaru amma masu sauraro sifili ne, GSearch ne bai haɗu ba. In akwai mai sauraro amma masu jira sai ƙaruwa suke, GSearch ya maƙale a kan wani abu ko aiki ya fi ƙarfinsa.

Wannan na ƙarshen ba kullum ne cuta ba. Shigar da abu ɗaya a Islandora yana haifar da saƙonni da yawa, saboda kowane fayil da aka liƙa masa, ƙaramin hoto ne ko rubutun OCR, da nasa saƙon, kuma kowane saƙo yana sa a sake shigar da abin dungurungum. GSearch kuwa ɗaya bayan ɗaya yake bi. In an zuba littafi mai shafi ɗari biyar da safe, kada ka yi mamaki abin da aka ɗora da azahar bai fito ba sai la'asar. In lambar tana raguwa ko da a hankali, haƙuri ne maganin.

Ka duba jerin masu rajistar da ba sa nan. Wani ya taɓa gwada mai sauraro shekaru biyu da suka wuce ya watsar, amma dillali bai san an watsar ba, yana ta tara masa saƙo. Ranar da ma'ajiyar ta kai iyakar da aka sa mata a `systemUsage`, ActiveMQ zai tsayar da mai aikawa, log ya nuna `Persistent store is Full`, kuma abin da ma'aikata za su gani shi ne ɗora kaya ya daskare, ba wanda zai kawo dillali a ransa. Ka goge matattun rajistar, ka saka `offlineDurableSubscriberTimeout` domin gaba.

Sai batun wuta. Inda ake ɗauke ta babu sallama, kuma batirin UPS ya gaji, ma'ajiyar saƙonnin tana iya lalacewa a tsakiyar rubutu, dillali ya ƙi tashi ko ya tashi ya yi ta jefa kurakuran karanta fayil. Ga wanda ke cikin Fedora, ma'ajiyar tana `$FEDORA_HOME/data/activemq-data`. Ka kashe Tomcat, ka tabbatar da `ps` cewa ya mutu, ka matsar da foldar gefe da `mv` maimakon gogewa, ka kunna. Zai ƙirƙiri sabuwa. Kayan rumbunka ba sa ciki, babu abin da zai same su, amma duk saƙon da yake jira ya tafi, saboda haka ka rubuta ranar da abin ya fara.

In dillalin na waje ne, ka sa adireshin GSearch ya zama `failover:(tcp://localhost:61616)` domin ya sake haɗuwa da kansa in an yanke. A ɓangaren Fedora ka yi hattara: `failover` ba tare da `timeout` ba yana sa mai aikawa ya tsaya jira har dillali ya dawo, tare da duk wanda yake ƙoƙarin ɗora kaya.

Mataki na shida: saƙo ya isa, aikin ne ya gagara

A nan log ɗin GSearch ne abokinka. Ka nemi `Unable to perform index update`, ka karanta abin da ya biyo baya har ƙasa, domin ainihin dalilin yana layin `Caused by` na ƙarshe. Ka sani cewa in aikin ya faɗi, GSearch yana rubuta kuskuren ne ya wuce na gaba. Saƙon ba zai dawo ba. Shi ya sa dillali zai nuna maka komai an isar alhali fihirisa tana da giɓi.

In ka ga 401, sunan shiga ko kalmar sirrin da ke `repository.properties`, a layukan `fgsrepository.fedoraUser` da `fgsrepository.fedoraPass`, ba su dace da `fedora-users.xml` ba. Hakan yakan faru bayan an canza kalmar sirrin `fedoraAdmin` an manta GSearch ma da ita yake shiga. In an ƙi shi ne duk da kalmar daidai take, dokokin izini na Fedora ne, wato XACML. Fedora tana zuwa da wata doka mai suna `deny-apim-if-not-localhost.xml`, kuma in GSearch yana wani inji, ko yana kiran Fedora da sunan sabar maimakon `localhost`, za ta tare shi. Ka ƙara adireshinsa a cikin dokar, kada ka goge ta.

In babu kuskure ko ɗaya amma abin bai shiga ba, ka zargi `foxmlToSolr.xslt`. Kusa da samansa akwai sharuɗɗan da suke tace abin da za a shigar: sai mai matsayin `Active`, kuma a wasu kwafin da aka gado daga misalan GSearch, sai wanda PID ɗinsa ya fara da `demo`. Abin da bai cika sharaɗi ba ana watsar da shi shiru. Ka fitar da FOXML ɗin abin gwajinka ta `/fedora/objects/gwaji:1/objectXML` ka kwatanta shi da sharuɗɗan da idonka.

In Solr ne ya ƙi, log ɗinsa yana faɗin dalili ƙarara. `unknown field` yana nufin XSLT ya ƙirƙiro filin da babu shi a `schema.xml`. `multiple values encountered for non multiValued field` kuwa, kundi ne mai marubuta biyu ya ci karo da filin da aka ce ɗaya zai ɗauka. `Invalid Date String` shi ne ya fi yawa a kayan tarihi: mai shigar da bayani ya rubuta "wajen 1950" ko shekarar Hijira a filin da Solr yake jiran cikakken kwanan wata irin `1950-01-01T00:00:00Z`. Fili ɗaya ya lalace, takardar duka Solr yake mayarwa. Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne XSLT ya ajiye rubutun yadda yake a filin rubutu, ya cika filin kwanan wata kawai in ya iya juya shi. Hana ma'aikata rubuta abin da ke jikin takardar ba mafita ba ce.

Akwai kuma manyan PDF. Ciro rubutu daga fayil mai ɗaruruwan megabait yana iya cinye ƙwaƙwalwar Java, `OutOfMemoryError` ya bayyana a `catalina.out`, kuma tunda yawanci Tomcat ɗaya ne yake ɗauke da Fedora da GSearch da Solr, duka za su jigata. Ka ƙara `-Xmx`, ka kuma sa wa GSearch iyakar abin da zai ciro daga fayil ɗaya.

Bayan gyara

Gwaji ɗaya bai isa ba. Ka shigar da sabon abu, ka canza takensa, ka goge shi, kana tambayar Solr bayan kowanne, domin gogewa tana bin wata hanya daban da shigarwa kuma ita aka fi mantawa a gwada. Sannan ka kashe GSearch, ka yi canji, ka kunna shi, ka ga ko canjin ya riske shi. Daga ƙarshe ka sake kunna injin gaba ɗaya ka maimaita, tunda irin tashin da zai yi ke nan in wuta ta dawo da tsakar dare.

Yanzu ne lokacin cike giɓi. Ba sai ka sake gina komai ba in ka san ranar da abin ya fara. Ka tambayi Fedora abubuwan da aka taɓa tun daga ranar:

`/fedora/objects?query=mDate%3E%3D2024-03-01&pid=true&resultFormat=xml&maxResults=100`

Ka bi `sessionToken` har jerin ya ƙare, ka bi da kowane PID ta `fromPid`. Waɗanda aka goge ba za su fito a nan ba. Su sai ka ciro jerin PID na Solr da na Fedora, ka jera su da `sort`, ka kwatanta da `comm`, ka cire rarar da `action=deletePid`. In giɓin ya yi yawa ko ka canza `schema.xml`, sannan ne za ka koma ga `action=fromFoxmlFiles`, kuma ka yi shi da dare ko ƙarshen mako.

Wannan kwatancin jerin biyu ka mayar da shi aikin `cron` na kowane dare, ya aiko maka da imel in bambancin ya wuce abin da ka saba gani. Ka cire abubuwan `fedora-system` da waɗanda ba `Active` ba daga lissafin, in ba haka ba kullum zai yi ta ƙara a banza har ka daina karanta shi.

Fedora 6 da DSpace

A Fedora 6, wadda ta fito a 2021, babu GSearch. Sunan shelar `fedora` ne, saƙon JSON-LD ne, kuma `fcrepo-camel-toolbox` ne yake saurare ya tura wa Solr. Abubuwa biyu suka fi kawo cikas. Saƙon yana ɗauke da cikakken adireshin abin maimakon PID, kuma in Fedora tana bayan Apache ko Nginx, ko cikin Docker, adireshin zai iya zama wanda mai sauraron ba zai iya kaiwa gare shi ba, `fcrepo.jms.baseUrl` ne yake gyara wannan. Na biyu, a asali shela ce, saboda haka abin da ya faru lokacin da mai sauraro yake kwance ya wuce. Ka sa `fcrepo.jms.destination.type` ya zama `queue`, ka nuna wa mai sauraron layin.

DSpace, wadda jami'o'in Najeriya da yawa suke amfani da ita har da ABU Zariya, ba ta da dillali kwata-kwata. Labarin canji yana tafiya ne a cikin manhajar kanta. Ka duba cewa `discovery` yana cikin jerin `event.dispatcher.default.consumers`, kuma `discovery.search.server` yana nuna Solr ɗin da yake raye. Madadin `fromPid` a nan shi ne `dspace index-discovery -i` tare da lambar abin, shi kuma `-b` yana sake gina komai. Wanda ya shiga PostgreSQL ya gyara bayanai da SQL, DSpace ba ta ji ba, Solr ma bai ji ba, don haka duk irin wannan gyaran sai a bi shi da `index-discovery` da hannu.